Yawon da Ba a Biya

Wani Alhaji ɗan Ƙauran Namoda, wanda aiki ya zaunar a Abuja, ya zo gida babbar Sallah da 'ya'yansa maza uku. Naman layya bai ƙare ba yara suka fara mita, wai garin babu wurin zuwa. Kasuwar Shinkafi sai Alhamis take ci, hanyar Zurmi kuwa yanzu ba a binta don shan iska. Can sai Alhaji ya tuna da kabarin Namoda. Ga tarihi, ga hoto, kuma ko sisi ba zai fita daga aljihu ba.

Tun a mota ya buɗe musu karatu. Ya ce Namoda Bafillace ne daga Alibawan Zurmi, barde a jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808, yaƙin da Sarkin Gobir Yunfa ya kwanta dama. Ya ce sunansa garin ya ci, kuma har yau Sarkin Kiyawa ake kiran sarkinsu. Bai tsaya ba sai da ya kawo su 1929, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura. Da suka isa, aka jeru, aka gyara hula, aka ɗauki hoto. Kafin a koma mota har ya hau Facebook, da dogon rubutu kan mutanen da suka manta asalinsu.

A hanyar dawowa suka bi ta gefen wata maƙabarta da katangarta ta zube, awaki na kiwo a ciki. Autan ya ce, "Baba, ba nan ka ce Kaka yake ba? Mu gan shi mana."

Babu yadda Alhaji zai yi, ya tsaya. Suka tuɓe takalma, suka yi wa mamata sallama. Ya yi gabas, ya dawo, ya yi arewa. Kaburburanmu ba su da suna, tudun ƙasa ne, wani da fasasshiyar tukunya a kai, damina kuma tana shafe shaida. Gumi ya fara karyo masa.

Wani tsoho da ke cike kabarin da ya rufta ya jingine shebur.

"Alhaji, wa kake biɗa?"

"Mahaifina, Baba. Shekara bakwai ke nan."

Ya faɗi sunan. Tsoho bai yi wata-wata ba, ya wuce gaba har gindin wata aduwa.

"Ga shi. Ni na gina shi. Damina uku yana burmawa ina cikewa. Na ɗauka bai bar baya ba."

Alhaji ya yi tari, ya ce ai daga kabarin Namoda suke, yana nuna wa yara tarihi.

"Madalla. Wancan ya haura shekara ɗari biyu, ka gane shi. Wanga ne dai sabo, shi ya sa ya ɓace maka. Nan ma kyauta ake shiga, ɗana. Har wurin kwana kyauta muke bayarwa."

Bayan addu'a Alhaji ya zaro sababbin kuɗi. Tsoho ya ce in da hali a mayar da su siminti, katanga ta fi shi buƙata. Sannan ya kira autan, ya ɗora hannunsa a jikin aduwar.

"Jikana, riƙe shaidar wurin nan da kyau. Ka koyi aikin tun yanzu, don wata rana naka 'ya'yan za su ce ka nuna musu Kaka."

Wannan ziyarar ba ta hau Facebook ba.

Ni dai labari na bayar, ban kama sunan kowa ba. Alhazawan da ke zuwa gida Sallah kuwa Allah Ya yi yawa da su. Sai dai an ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.