Fasinjoji Masu Jela da Iyayen Gidansu

A Ingila ɓera yana da suna, yana da likita, yana kuma hawa mota. Duk wanda ya daɗe yana tuƙin haya a ƙasar, wata rana sai an miƙo masa keji. Su ɓerayen ba ni da ƙorafi a kansu, da rana barci suke sha har a isa. Masu su ne abin magana.

Wadda ta fi wahalar da ni, wadda kuma nake cigiya in ta kwana biyu ba ta kira ba, ita ce uwar 'ya'ya. Haka take ce musu, "yarana". Kafin ta shiga sai ta zuro kai ta shinshina motar. Ɗan turaren da na rataya a madubi, a cire, huhun yara ba ya ɗauka. Rediyo, a rage. Gilashi, a ɗage. Esi a kunna, amma kada iskar ta fuskance su. Sannan a zo ɗaura wa keji bel a kujerar baya: ta ja, ta girgiza, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta shimfiɗa musu tsumman da suka saba kwana a kai don su ji warin gida, ta yayyanka kokwamba da kankana ta zuba, domin kwalbar ruwa ɗiga take yi in mota na tafiya, ta jiƙe shimfiɗa. Ita kanta ko biskit ba ta riƙo wa cikinta ba. Daga Landan har Leeds a kan titin M1 wuyanta a juye yake, ni kuwa ina lallaɓa mota kamar mai kai amarya. Can wajen Leicester sai ihu: "Jini! Hancinsa jini!" Ba jini ba ne, ita ma ta sani sarai. Wani jan ruwa ne da ke fito wa ɓera ta ido da hanci in hankalinsa ya tashi. Amma dole a shiga wurin hutawa na gaba, a goge hanci, a yi lallashi. Abin haushin, duk dokokinta daidai ne. Na yi ta neman inda zan kama ta, ban samu ba.

Akwai mai kwali, wanda ke zuba dabbar da haƙoranta ba sa daina tsiro a cikin kwalin takalmi. Kafin mu fita gari kwalin ya samu ƙofa.

Akwai saurayi mai ɓera a kafaɗa. "Ba inda zai je, ya san ni." Ya san ka, amma bai san birki ba, kuma lungun da ke ƙarƙashin ƙafar direba shi ne irin ramin da ransa ke so. Doka ta 57 a littafin ƙa'idojin hanya na ƙasar ta ce a killace dabba a cikin mota. Na haddace ta saboda shi.

Sai malamin tarihi. Ba ka tambaye shi ba, amma sai ka ji labarin Jack Black, mai kamun ɓeraye na zamanin Sarauniya Victoria, wanda ya riƙa ware masu launi yana sayarwa, da ƙungiyar masu kiwonsu da aka kafa a 1976, da lardin Alberta na Kanada inda kiwon ɓera laifi ne. A cikin karatun nan duka abu ɗaya ya amfane ni: ɓera ba ya iya amai. Da ma a ce haka fasinjojin daren Asabar suke.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai "minti biyar kawai". A tsaya cin abinci a watan Yuli, ya ce a kulle mota, keji na ciki, rana na dukan gilashi. Ɓera ba ya gumi irin namu, ta jela yake rage zafin jikinsa, kuma da zafi ya haura digiri 30 ya shiga haɗari. Motar da aka rufe a rana tana wuce haka kafin mutum ya kai gaban layin shayi. Dabbar da duk kwananta a duniya shekara biyu zuwa uku ne, ka raba ta da ramin da za ta fake, ka kulle ta, sannan ka tafi zaɓen biredi. Da na yi magana sai ya yi murmushi: "Kai da ka fito daga Afirka, wannan har zafi ne?" Don na fito daga inda rana take ne na san abin da take yi wa mai rai a rufaffen wuri. Na ce ko ya ɗauki kejin ya zauna da shi a inuwa, ko ya nemi wata motar.

Saura iri ɗaya. Wani direba ne da ya tashi a gidan da ake ɗana wa ɓera tarko da busasshen kifi. Ranar farko da a'uziyya ya karɓi kejin, da yatsu biyu. Yanzu shi ke rage gudu tun kafin a zo kwana, ya san wane ɓera ne mai farin gashi a ciki, wanne ne mai tsoron babbar mota, har an taɓa ganinsa a kanti yana latsa kokwamba. In Inna ta bugo waya daga Zariya ta ce, "Ɗan nan, yau su wa ka ɗauka?" sai ya ce, "Wasu yara ne, Inna, da mahaifiyarsu."