Garin da Ake Ƙirga Ramuka

A wani gari da ruwa ke da nisa, dagaci ya ce duk mahaƙin rijiyar da ke son ƙarin girma sai ya kawo lissafin rijiyoyin da ya haƙa. Bayan kowace shekara 3 ake zama. Mai neman babban rawani kuwa, sai a aika takardunsa ga dattawa 3 na wasu garuruwa. In 2 suka amince, an naɗa shi ke nan.

Da farko tsarin ya yi rana, don ya tayar da malalata daga gindin bishiya. Amma ba a jima ba mutane suka gane bakin rami ake ƙirgawa, ba a leƙa ciki. Sai mutum ya tona gaba 2, ya matsa gefe ya fara wani. Rami ɗaya, mutum 6 su rubuta suna a kai: "Sa ni a naka, in sa ka a nawa." Har aka samu wasu can nesa masu sayar da takardar shaida, ka biya yau, kafin mako ta iso, ba wanda ya zura guga.

Akwai wani dattijo da rijiya 4 kacal ya haƙa, kowacce ta haura gaba 20, kuma su gari ke sha idan bazara ta tsananta. Duk rani shi ke ɗaura igiya a ƙugu ya sauka yasa, ya fito laka har gemu. Shi ya koya wa samarin garin riƙon diga da yadda ake gane ƙasa mai ido. Duk zama sai a ce masa, "Baba, a yi haƙuri, lissafinka bai cika ba." Yaran da ya koyar har sun riga shi rawani.

Labarin nan ya faɗo mini a rai daren da na tarar da wani malamin jami'a zaune kan tabarma, fitilar caji a gefe, yana duba takardun jarrabawa da suka kai masa gwiwa. Ya daɗe a matakin babban lakcara. Na tambaye shi maganar farfesa, ya ce maƙalunsa ba su kai adadi ba.

Ranku ya daɗe 'yan kwamitin ƙarin girma, kafin ku sa hannu a zama na gaba, ku buɗe ko da maƙala ɗaya ku karanta, sannan ku shiga ajin mutum ku zauna ku ji darasinsa.