Ranar da Bokiti Ya Bi Dokar Newton

Makarantarmu tana da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, har da allo a ƙofa. Abin da ke ciki kuwa karyayyun bencina ne, da buhunan siminti da suka daskare, da wata kyanwa da ta haihu a kabad ɗin ma'aunai. Don haka fiziks ɗin da nake koya wa 'yan aji biyu na babbar sakandare duk na baki ne da alli. In na ce musu abin da ke motsi ba ya tsayawa ko canza hanya sai wani ƙarfi ya tilasta masa, sai su ce "E, Malam", irin e ɗin da ake ce wa mai tallar maganin basir a tasha.

Da muka iso darasin motsin kewaye, haƙurina ya ƙare. Na ce gobe za su ga bokiti a kife bisa kaina da ruwa a ciki, kuma ko ɗigo ba zai taɓa ni ba.

Wani ɗan bencin baya ya ɗaga hannu. "Malam, da laya ko ba laya?"

Babu laya. Ƙasa na jan kowane abu, kuma gudun abin da ke faɗowa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa, duk daƙiƙa ɗaya. Ruwan da ke sama shi ma faɗowa yake yi. Dabarar ita ce ka wulwula bokitin ya riƙa karyo kwana zuwa ƙasa fiye da saurin faɗuwar ruwan, sai gindin bokitin ya kasance a matse da shi. Hannuna da mariƙi sun kai mita ɗaya, lissafi ya ce ina bukatar gudun da ya ɗara mita 3 a daƙiƙa, wato zagaye guda kafin daƙiƙa biyu su cika. Ko tsohuwa za ta iya.

Da asuba na ari bokitin robar uwargida. Aro ne, sai dai mai shi tana barci. A ƙofar makaranta na sayi ruwa wajen ɗan garuwa, na auna lita 5. Monita ya kawo shawarar a zuba bula don na baya su ga ruwan sosai. Na yaba masa. Yaro ne mai hankali, kuma har yau ban daina tunanin wannan shawara tasa ba.

Muka fito fili gaban ofis. Na yi bismilla, na wulwula. Ruwa ya hau sama, ya kife bisa kaina, ya sauko, kaina a bushe. Yara suka ɗauki tafi. Ɗan bencin baya ya matso yana leƙa damtsena ko zai ga kambu.

Ana cikin haka shugaban makaranta ya fito baranda tare da wani baƙo daga ma'aikatar ilimi, su biyun cikin farar shadda, sitaci sai ƙara yake. Na ji shugaba na cewa, "Ranka ya daɗe, ga malamin da nake ba ka labari." To, ɗan Adam ne ni. Na ƙara wuta.

Akwai abin da ya kamata ɗalibi ya sani a nan. A sama bokitin kusan ba shi da nauyi a hannu, amma a ƙasan zagaye, inda gudu ya fi yawa, mariƙi na ɗauke da nauyin ruwan, ga kuma ƙarfin da ke karkatar da shi. In ka bar shi ya gangaro da kansa, jan yakan kai ninki shida: kilo 5 ya zama tamkar kilo 30. Wannan duk na sani. Abin da babu littafin da ya rubuta shi ne bokitin nan cikin kayan ɗaki ya zo, kuma tun daga lokacin rana ke gasa shi.

Kunnen bokiti ya ce ƙas! Ɗayan ya bi shi. Na tsaya da mariƙin waya a hannu.

Shekara da shekaru yara suna rubuta mini a jarrabawa cewa abin da ya tsinke daga kewaye waje yake yin tsalle, nesa da tsakiya. A'a. Inda ya fuskanta a lokacin tsinkewar, can yake miƙewa, kamar yadda Isaac Newton ɗan Ingila ya rubuta a littafinsa na 1687. Nawa ya fuskanci baranda. Ya kuma tashi a kusurwar da ta kusa digiri 45, wadda na koya musu a zangon da ya wuce cewa ita ce ke kai jifa nesa. Da gudun kusan mita 7 a daƙiƙa, iyakarsa wajen mita 5. Baranda tana wajen mita 5.

Allah ya kiyaye, bokitin ginshiƙi ya daka, ya tsaya nan take. Amma ginshiƙin bokiti ya tsayar, bai tsayar da ruwa ba. Ruwan ya ci gaba da tafiyarsa har ya sami ƙarfin da zai tare shi, wato manyan mutane biyu. Kuzarin motsin ya kai jul 120, kuma kuzari ba ya ɓacewa, kama yake sauyawa: wani ya zama ƙara, wani ya tsaga bokiti, sauran ya cire hular baƙo.

Fili ya yi tsit. Can sai ɗan bencin baya ya ce, "Malam, wallahi yanzu mun gane."

Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, amma labarin ya riga ni isa gida. Na tarar da uwargida a bakin zaure.

"Sannu da zuwa, Malam. An ce ka rina baƙo."

Na miƙa mata mariƙin. Ta juya shi, ta ce, "Sauran fa, yana wajen Newton ɗin?"

Washegari takardar tuhuma ta iso. Na amsa da shafi uku na lissafi, na ƙara da cewa farin kaya dama bula ake sa musu. Shugaba bai karanta lissafin ba, amma ya ga layin ƙarshe. Hukunci ya fito: kuɗin wanki da guga a albashina, kuma duk wani gwaji sai a filin ƙwallo, Baba maigadi na tsaye.

Mako na gaba darasin igiyar motsi ne. Na ɗaure igiyar guga a jikin darbejiya, na ba monita ɗaya bakin ya riƙa kaɗawa. Baba maigadi ya zo da sandarsa.

"Malam, yau ina abin zai tashi? In san inda zan tsaya."

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Tudun nan da kake gani yana gudu, kuzari ne kawai ke tafiya. Igiyar sama da ƙasa take yi, tana nan inda take."

Ya dubi igiyar, ya dube ni. "Wancan karon ma cewa ka yi ko ɗigo." Ya ja kujerarsa ya koma bayan bishiya.