Turaren Bazara a Giyawa

A watan Afrilu, idan zafin gabashin Sakkwato ya haura digiri 40, turare ma yakan nuna halinsa. Turaren feshi yakan tsere tun kafin ka isa masallacin Juma'a. Humra mai kauri kuwa, da ta haɗu da gumi, sai sahu guda ya shiga tari. Dabarar dai ita ce a nemi mai sanyin ƙamshi, irin na lemun tsami, a ɗiga kaɗan a jikin riga. Amma wanda ya hau motar albasa da tafarnuwa daga fadamar Goronyo zuwa Wurno, ko kwalbar Bintu Sudan ya juye, albasar ce za ta riga shi sallama.