Cakin Kwali Ba Ya Shiga Banki

Idu ta yi suna da tashar jirgin ƙasa, da masana'antu, da tireloli masu kwana a bakin titi, da ƙurar hanyar Karmo. Tun da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186, tashar nan ta koya wa manya abin da iyaye da malamai suka gaza koya musu, wato zuwa a kan lokaci. Sai ka ga mutumin da bai taɓa isa ɗaurin aure kafin a shafa fatiha ba ya naɗe babbar riga a kafaɗa yana sassarfa, yaronsa na biye da jaka, saboda jirgi bai san Yallaɓai ba.

Sai dai darasin a bakin tasha yake tsayawa. Ni ne mataimakin magatakarda na wani kulob ɗin taimakon al'umma da ke zama duk ranar Alhamis a zauren wani otal a nan Idu. Ba zan kama sunansa ba, don ina da 'ya'ya mata, kuma ina buƙatar jama'a ranar biki. A rubuce, ƙarfe biyar muke farawa. A aikace, sai an idar da Magariba shugaba ke buga ƙararrawa. Ga jirgin cikin gari da aka farfaɗo da shi a 2024 yana tsayawa a Idu, amma babu memban da zai hau, domin in ya zo a jirgi, wa zai ga motarsa?

Irin wannan zama ba a Idu aka haife shi ba. A birnin Chicago na Amurka wani lauya mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku a watan Fabrairun 1905, suka kafa Rotary. A 1917 aka kafa Lions a wannan birnin dai. Rotary ta fara sauka Najeriya ne a Kano, a 1961, kuma lauyan nan na Kano, Jonathan Majiyagbe, shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabance ta a duniya, a 2003. Tun 1985 'yan Rotary suka sa cutar shan inna a gaba, suka yi ta zuba kuɗi da jiki har ranar 25 ga Agustan 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Waɗancan suna da abin nunawa. Namu kulob ɗin ba reshen kowa ba ne. Leƙe muka yi ta taga, muka kwafo ƙararrawa da sarƙar wuya da lambar ƙirji, kafin mu kai ga kwafo aikin aka sauke labule.

Zama yana buɗewa da gabatar da manya, kuma a kulob ɗinmu babu ƙarami. Akwai shugaba, da shugaba mai jiran gado, da wanda ke jiran mai jiran gado, da tsohon shugaba na kusa, da tsofaffin shugabanni na nesa. Duk wanda aka tsallake saraututtukansa, sai ya miƙe ya yi gyara. Kafin a gama kiran sunaye, abincin ya huce.

Daga nan sai sajan ɗin tara ya ɗauki akwatinsa. Aikinsa cin tarar wanda ya makara, ko wayarsa ta yi ƙara, ko ya manta lambar ƙirji. Amma akwai tarar da ta fi kawo kuɗi, ita ce tarar abin arziki: sabuwar mota, sabon gida, ƙarin girma, fitowa a jarida. Wannan ba a farautar masu laifinta, su suke kawo kansu.

"Sajan, wallahi ban so in faɗa ba, amma yaron nan ya gama digiri na biyu a Ingila."

"Ranka ya daɗe, dubu ashirin ne."

"Haba Sajan, ka raina Ingila ke nan? Rubuta hamsin."

Wannan mutumin kuwa, kuɗin wata na rabin shekara ake bin sa. Tara ce kawai kuɗin da ake biya nan take a kulob ɗinmu, saboda ita kaɗai ake biya a tsaye ana tafi.

Muna kuma da baƙo mai jawabi. Da yake cibiyar binciken magunguna ta ƙasa a Idu take, kuma asibitoci ba su yi nisa ba, ba ma rasa masani. Likita zai tsaya ya yi bayani a kan hawan jini da ciwon suga, ya ja kunne a kan gishiri da maiƙo da zaƙi, kowa yana gyaɗa kai yana cewa gaskiya ne. Yana zama sai a sanar da abu na bakwai a jadawali. Nan take farfesun kayan ciki da soyayyen rago da lemon kwalba za su cika tebur, a fara zuba wa likitan.

Aikinmu na bana rijiyar burtsatse ce ga wata unguwa a bayan Karmo, inda mata da yara ke sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa. Shawarar ta wuce cikin minti biyar. Abin da ya cinye makonni shi ne launin ankon da za a saka ranar gidauniya. An kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, Hajiya tsohuwar shugaba ta yi yaji a kan ruwan ƙwai ko ruwan toka, sai da aka tura dattawa biko.

Bikin ƙaddamar da gidauniya ba a Idu muka yi ba. An ce manya ba sa zuwa Idu sai in jirgi za su hau, don haka aka kama zaure a cikin gari, wanda kuɗin hayarsa na dare ɗaya ya isa ya kai rijiyar rabin zurfinta. Aka naɗa uban taro, da uwar taro, da babban baƙo, da baƙo na musamman, da babban mai ƙaddamarwa, da mataimakansa. Babban mai ƙaddamarwa bai zo ba, wakili ya turo. Wakilin ya ce mai gida ya so zuwa ƙwarai, har ya saka hula, sai aka kira shi daga sama. Ya ƙara da cewa mai gida ba zai faɗi adadi a bainar jama'a ba, zai ga shugaba a keɓe. Aka yi tafi har da guɗa. Har yau shugaba yana keɓe yana jira.

Sai aka buɗe fage. Mai gabatarwa, wanda da can sanƙira ake kiran irinsa, ya san aikinsa. Ya kira Alhaji mai kwangila, ya yi masa kirari, Alhaji ya ce miliyan biyu. Ya juya ga abokin hamayyarsa ya ce, "Yallaɓai, ka ji fa abin da ƙaninka ya yi." Wannan ya ce uku. Na farko ya dawo ya ce ai biyun nan a madadin uwargida ce, tasa biyar ce. Wani ya karɓi makirfo ya ce shi ba ya son riya, ba ya son kowa ya san ya ba da miliyan huɗu, ya roƙi masu ɗaukar hoto kada su ɗauke shi ta hagu. Daga ƙarshe aka shigo da cakin kwali, tsawonsa ya kai ƙofar ɗaki, mutum shida suka riƙe aka ɗauki hoto. Kafin gari ya waye ya karaɗe Facebook da WhatsApp.

Abin da ya shiga hannun ma'aji a daren bai wuce na mutum kaɗan ba. Wata baiwar Allah mai sayar da abinci a bakin masana'antu ta kwance haɓar zani ta ba da abin da ta samu. Mai gabatarwa bai faɗi sunanta ba, yana can yana shan ruwa.

Washegari ma'aji ya fara kiran waya, ya kuma fara ramewa. Wannan ya ce ya tura, netwok ne ya riƙe. Wancan ya ce kuɗinsa sun maƙale a ma'aikata, da an sa hannu zai ji alat. Wani ya tafi Umara, kuma ga dukkan alamu ya tare a can. Wani ya ce da dala ya yi niyya, yana jiran farashi ya daidaita. Akwai wanda har yau da canjin takardun naira na farkon 2023 yake kafa hujja, in an tuna masa an daɗe da wuce wurin sai ya koma kan cire tallafin fetur. Alhaji mai miliyan biyar kuwa cewa ya yi, "Malam Ma'aji, ai na faɗa ne don in zaburar da jama'a. Da ban faɗa ba, da wane zai ce uku?" Wane ɗin ma don ya zaburar da jama'a ya faɗa.

Da aka yi lissafi, aka cire kafin alƙalamin zaure da abinci da kuɗin mai gabatarwa da masu hoto da ƙyallen sanarwa, abin da ya rage ya isa a yi allo. Aka yi allo mai kyau na ƙarfe, ɗauke da sunayen shugabanni na kusa da na nesa, aka kafa shi a filin. Rijiyar ta biyo baya da karo-karon wasu mutum kaɗan da kunya ta kama, amma kuɗin injin ja da sola bai cika ba. Da ranar buɗewa ta matso, wani mai basira ya kawo shawara. Cikin dare aka yi hayar 'yan garuwa suka cika tanki. Da safe shugaba ya yanke ƙyalle, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi kabbara. Mai unguwa ya yi godiya, ya ce shekara da shekaru bai taɓa ganin ruwan burtsatse mai ɗanɗanon jarka ba sai yau. 'Yan garuwa kuma sun samu inuwa, a gindin allon suke ajiye kura.

A unguwar nan kuwa, 'yan Keke Napep suna ajiye ɗan abin da ya samu kullum a hannun shugabansu, ranar da matar ɗayansu ta shiga asibiti kuɗin ya fito kafin la'asar. Mata suna adashi, mai jego ko mai rashi a ba ta kwasa ko da ba layinta ba ne. Kakanninmu da gayya suka nome gonar mara lafiya, suka yi wa gwauruwa yaɓen ɗaki, babu wanda ya rataya sarƙa. Ita ma shan inna, mata ne masu rataye da ƙaramin akwatin sanyi suka kore ta, suna bi gida-gida cikin rana, suna ɗiga wa yaro magani, su shafa masa tawada a yatsa, su yi alama da alli a bango. Malamai sun karantar da mu falalar sadakar da hannun hagu bai san dama ya bayar ba. Mu namu hagun ya sani sarai, shi ke riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo.

Kada a ce na yi wa kulob ɗinmu rashin adalci. Muna da likitan da ke kwashe Asabar ɗinsa yana gwada jinin tsofaffi kyauta, muna da matasan da ke zuwa ba da jini ba tare da an yi anko ba. Matsalar dai, irin waɗannan ba a zaɓensu shugaba, an ce ba su da jama'a.

A zaman da ya wuce na ɗaga hannu na kawo ƙuduri: daga yau, a ajiye mai POS a gefen babban tebur, kowa ya tura nasa, ma'aji ya ji alat, sannan a miƙa masa makirfo. Zauren ya yi tsit. Tsohon shugaba na nesa ya ce wannan cin mutuncin dattawa ne, ai mutum da maganarsa ake saninsa. Sajan ya ci tarata saboda kawo ruɗani. Daga nan aka koma kan bashin mai zaure da mai abinci, aka amince baki ɗaya cewa hanya mafi sauƙi ita ce a sake ƙaddamar da gidauniya don biyan bashin gidauniyar farko. An kafa kwamitin anko. Ma'aji ya miƙe ya roƙi a taimaka masa da kuɗin kati, don kiran masu alƙawari ya cinye masa albashi. Nan take mutum uku suka yi alƙawarin saya masa.