Yabon Likitan Lagireto

Akwai gwanayen da ba a taɓa kiransu Abuja an rataya musu lambar girma ba, kuma wannan zalunci ne da ya kamata a gyara. Na farko a wurina shi ne wani bakanike mai rumfa a bakin titi tsakanin Jega da Maiyama. Ba zan faɗi sunansa ba, kada Faransawa su ji labari su zo su ɗauke mana shi.

Na san shi ne ta dalilin motar wani yayana mutumin Fagada, J5 mai shan gas, wadda yake dakon albasa da ita daga Aliero zuwa kudu. Motar nan 'yar gidan girma ce. A 1981 Peugeot ya fara fitar da irinta, daga wata masana'anta a Italiya inda ake haɗa ta tare da 'yan'uwanta Fiat Ducato da Citroën C25, kuma kafin tsakiyar shekarun 1990 an daina ƙera ta. Turawa kan sa wa irinta gado da murhu da wurin wanke kwanuka, su kwashi iyali su tafi hutu bakin teku. Ta yayana ma haka ta ci ƙuruciyarta, don har yau akwai taga a rufinta da ramukan kusoshin gado a ƙasa. Da ta tsufa sai ta biyo jirgin ruwa ta sauka Kwatano, aka ɓamɓare gadon, aka ƙara mata sifirin, aka ce bismilla, ga buhuna.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kabi ke haura maki 40, ta fara shan ruwa. A cika lagireto da asuba, kafin azahar ya yi ƙasa. Na raka yayana wurin gwani. Yana kan benci yana shan rake, bai ko miƙe ba. Ya dubi motar daga nesa kamar mai duban wata, ya tofar da totuwa ya ce, "Alhaji, wagga mota lafiyatta lau. Ƙishirwa ce. Kai ba ka shan ruwa cikin wanga zafi?"

Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Wannan shi ne ilimi.

Don akwai wasu makanikai masu ɓata wa mutane lokaci, Allah ya raba mu da su. Ka kai musu mota mai yoyo, su ce sai inji ya huce. Ya huce, su cika ruwa, su ɗaura wani ɗan famfon hannu mai agogo a bakin lagireto, su buga masa iska, su zauna suna kallon allura ko za ta sauka. In ta sauka, su kwanta a ƙasa da tocila suna neman inda ke ɗiga. Su bi tiyo ɗaya bayan ɗaya suna matsawa, wai ko ya yi laushi ko ya tsage a ƙarƙashin ƙarfen da ya ɗaure shi. Su leƙa ɗan ramin da ke gindin famfon ruwa, su nemi farin sawu irin na kanwa da ruwa ke bari in ya bushe. Har tabarmar gaban direba sai sun shafa, wai motar Turai tana da wani ƙaramin lagireto a ɓoye na ɗumama ɗaki, shi ma yakan yi yoyo. In ba su ga komai a waje ba, su zaro sandar awon baƙin mai su ga ko ya koma kamar kunun gyaɗa, su duba salansa ko tana fitar da farin tururi, su sa ido ko ruwan na tsatstsafo kumfa. Rabin sa'a cur, duk don rami guda!

Mutanen Aliero ma suna da wannan ɗabi'ar. Masu ɗorinsu, da ake kawo musu karaya daga garuruwa masu nisa, sai sun lalube ƙafa sun gano inda ƙashi ya rabu kafin su ɗaura kara. Da sun zo sun ɗauki darasi a rumfar gwanina, da tuni sun koyi ɗaure duk ƙafar da ta fi kusa da hannu.

Aikin farko da ya yi, ya sa yaronsa ya kwance tamostat ya jefar bayan rumfa, inda na ga 'yan'uwansa sun fi ashirin suna hutawa. "Kayan ƙasar sanyi ne," in ji shi. Waɗanda suka ƙera injin sun sa ɗan abin nan ne ya tsare ruwa har inji ya kai maki 80 da wani abu, sannan ya buɗe masa hanya, don kada ya yi ta aiki a sanyaye yana zuƙar gas yana cin kansa a safiyar hunturu. To amma su waɗannan sun taɓa zuwa Maiyama? Cire shi bai taɓa yoyon ba ko kaɗan, gaskiya ne. Sai dai kowa ya ga an yi aiki, har da sufana.

Sannan aka zo ga magani. Ɗanyen ƙwai biyu da cokalin garin barkono, aka tuttula a bakin lagireto. Hikimar ita ce ƙwai ya dahu a ciki, ruwa ya tura shi ya toshe ramin. Abin da ya fi burge ni shi ne adalcin ƙwan. Ba ya nuna bambanci. Cikin lagireto akwai siraran bututu masu yawa da ruwa ke bi iska ta sanyaya shi, kuma ƙwai da barkono suna toshe su daidai yadda suke toshe ramin, ko ma fiye. Ban taɓa ganin motar da aka yi wa karin kumallo irin wannan ba, saura burodi da shayi.

Yayana, da yake ya ɗan yi boko, ya kawo zancen ruwan nan kore ko ja da ake sayarwa a galan. Gwani ya yi masa dariyar tausayi. Masu almubazzaranci suna cewa wai ruwa zalla yana tafasa a maki 100, wanda aka gauraya rabi da rabi da wancan sai ya kai wajen 107, kuma yana hana tsatsa cin inji ta ciki. Suna cewa murfin lagireto mai kyau yana riƙe matsi, ya hana ruwa tafasa har wajen maki 120. Mu kuwa Allah ya ba mu rijiya, ya ba mu Gulbin Zamfara a Jega, da lakarsa da yashinsa kyauta. Murfin kuma, da aka ga robarsa ta mutu, aka naɗa masa leda aka ɗaure da tsinken tsohon tib. Ya zauna daram, in ban da ɗan fito da yake yi.

Kwana uku muka dawo da ƙorafi: allurar zafi tana hawa ja. A nan ne na tabbatar mutumin nan ya wuce sa'a. Ya zura hannu, ya zare wata 'yar waya. Allura ta kwanta. Tun daga ranar motar ba ta sake yin zafi ba, kowa ya duba agogo zai shaida.

Ya kuma rubuta mana maganin ci gaba da sha: jarka huɗu. Kada a raina jarka. Ta samar wa yaron mota aikin yi na gaske, ta koya masa buɗe murfi da tsumma yana kau da fuska, ko da yake sau ɗaya tururi ya riga shi, fatar hannunsa ta saɓule. Ta rayar da zumunci, don babu ƙauyen da ba a tsaya an gaisa an roƙi guga ba. Tafiyar da wasu ke yi a gaggauce, mu muna yinta cikin natsuwa, rijiya bayan rijiya.

Ranar da abin ya zo, an wuce Maiyama ba a kai Koko ba, da lodi har rufi. Yayana ya ce sai ya ga farin hayaƙi ya rufe madubi, inji ya yi tari biyu ya yi shiru. Injin gas irin nata yana matse iska ninki ashirin ko fiye kafin mai ya kama, saboda haka gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ba ya wasa da zafi. Ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, ruwa da baƙin mai suka zama dangi. Albasa ta kwana biyu a rana tana gumi, kuma duk ɗan Aliero ya san abin da albasa ke zama in ta yi gumi a buhu.

Wani bakanike daga cikin masu ɓata lokacin nan ne ya kwance injin. Don neman suna, sai da ya nemo asalin yoyon ya nuna mana: tiyon ƙasa ne, ya tsage gefen maɗaurinsa, tsagar ba ta kai farce ba. Kuɗin sabo bai kai na kwandon albasa guda ba. Wasu suka fara cewa gyaran gangar Auzinawa aka yi mana. Hassada ce.

Muka je muka yi wa gwani bayani. Bai nuna fushi ba, babban mutum ne. Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai kowane inji da kwanansa. Motar ƙasar sanyi ce, mun yi iya yinmu." Kuma saboda karamci, ya ce yana da wanda zai samo mana inji ɗan Kwatano, la'adarsa kaɗan ce.

Motar na nan gindin darbejiya a Fagada, kaji na shiga ta tagar rufi suna yin ƙwai a inda gadon Bature yake a da. Jarkokin huɗu kuwa ba su yi asara ba. Yaron motar ya samu kura, yana ga-ruwa da su a Jega.