Kai Ne Ba Za Ka Sayi Maguire Ba?

Na ga ka murtuke fuska tun daga sunan da ke sama. Ka ce wannan marubuci ko dai bai taɓa kallon ƙwallo ba, ko kuma an ba shi na goro. Ko sisi ban gani ba. Magana ɗaya ce tafe da ni, ga ta kafin ka gyara zama: a watan Agustan 2023 West Ham ta taya Harry Maguire fam miliyan 30, Manchester United ta sallama, cinikin ya wargaje a hanya, ku kuma 'yan gidan kallo kuka yi ta yi wa West Ham barka da arziki. To, jaje ya kamata ku yi mata.

Ka ce wane Maguire? Wanda ya ci gida a wasan Tottenham a 2022, sai da Ronaldo ya zura uku aka sha da ƙyar? Shi. Wanda ƙwallo ta daki kansa ta faɗa ragarsu a wasan Sevilla, bayan mako guda kuma aka tare masa ita a bakin raga aka ci? Shi ɗin dai. Wanda ya je Glasgow da rigar Ingila ya sake cin gida, 'yan Scotland suna yi masa shewa duk lokacin da ya taɓa ƙwallo? Malam, na fi ka haddace su. Sai dai ka koma ka kalli ta Sevilla ɗin da idon basira. De Gea ne ya miƙa masa ƙwallo yana tsaye ya ba fili baya, 'yan Sevilla sun zagaye shi ta ko'ina. Washegari wa aka yi wa bidiyon barkwanci? Ba golan ba ne.

Ka ce ai fam miliyan 80 aka saye shi, kuɗin da ya zarce miliyan 75 na Van Dijk, don haka dole a tuhume shi? Ikon Allah! Shi ya yi wa kansa kuɗi? Leicester ta tsuga, United ta zaro ta biya a 2019, shi kuwa bawan Allah jakarsa kawai ya ɗauka. In akwai wanda za a tuhuma, yana can ofis cikin kwat. Kuma wa ya ce West Ham miliyan 80 za ta biya? Talatin aka ce, a lokacin da ta karɓi sama da miliyan 100 daga Arsenal a kan Declan Rice. Kai kana ta faɗa da tsohon rasit, mai saye yana kallon sabon farashi.

Bari in tuna maka abin da ka manta da gangan. Kakar da ta gabaci zuwansa, an ɗura wa United ƙwallo 54 a Firimiya. A kakarsa ta farko 36 aka ci ta, kuma ko minti ɗaya bai huta ba a wasanni 38. A gasar Euro 2020 yana cikin gwarazan 11 da hukumar UEFA ta zaɓa. Ka ce sa'a ce? To me ya sa in ya yi kuskure hali ne, in ya yi bajinta sa'a ce? Wannan lissafi a wace makaranta aka koya maka shi?

Yanzu za ka fito da babbar bindigarka: ba ya gudu, in zai juya sai ka ce tirela a shataletale. Na yarda, har na ƙara maka. Amma wa ya taɓa sayen tirela don tsere a lungu? Erik ten Hag, kocin United na lokacin, so yake 'yan bayansa su taso har kusan tsakiyar fili, su bar wawakeken sarari a bayansu, su riƙa fara wasa da gajeren fasin daga raga. A irin wannan tsari, duk yaron da ke da ƙafa zai yi wa Maguire fintinkau, shi ya sa Varane da Lisandro Martínez suka tura shi benci, aka kuma karɓe kambun kyaftin aka ba Bruno Fernandes. David Moyes, kocin West Ham na lokacin, fa? Shi dattijon nan ba ruwansa da ƙawa. Mutanensa komawa suke su tare a bakin raga, su bar maka gefe ka yi ta ɗago ƙwallo, su kuma su yi ta mayar da ita da ka. Babu sararin da za a yi tsere a ciki. Aikin duka na tsalle ne da ƙirji da goshi, kuma in dai goshi ne, kai ma ka san Allah Ya hore masa. Ƙari a kan haka, a watan Agustan 2023 ɗin ne West Ham ta ɗauko James Ward-Prowse daga Southampton, mutumin da in ya bugo kwana sai ka ce da hannu ya ajiye ta. Ka haɗa wannan ƙafa da wancan kai, sannan ka dube ni ka ce ba ciniki ba ne.

Ka ce ai West Ham ba ta rasa komai ba? Ƙwallo 74 aka ci ta a Firimiya a kakar 2023/24. Ƙungiyoyi ukun da suka faɗi ne kaɗai aka fi ci. Ci gaba da yi mata barka.

Kuma ba a kansa farau ba. Chris Smalling ya bar United ana dariya, ya je Roma, ya zama gwarzon wasan ƙarshe na kofin Conference a 2022. Eric Dier yana ɗumama benci a Tottenham, Bayern Munich ta ɗauke shi a Janairun 2024, kuka ce Jamusawa sun zauce, ya ɗaga kofin Bundesliga a 2025.

Ka ce to shekaru fa, da albashi? Yawwa, sai yanzu ka yi magana irin ta masu hankali, har na ji daɗi. Shekararsa 30 a lokacin, albashin United kuma ba irin na West Ham ba ne, kuma rahotanni sun nuna a kan kuɗin sallama maganar ta cije, shi ma ya fi son ya zauna ya ƙwato gurbinsa. Wannan muhawara ce ta gaske. Amma tsakaninka da Allah, ita ce kake yi a gidan kallo? Ko kuwa bidiyon da aka sa wa kiɗa ne aka turo maka a WhatsApp?

Abin ma ya wuce gidan kallo. A 2022 ɗan majalisar Ghana Isaac Adongo ya miƙe a zauren majalisa, yana son ya caccaki mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Mahamudu Bawumia kan tattalin arziki, bai ga abin kwatance ba sai Maguire mai cin gida. Majalisa ta fashe da dariya. A Nuwamban 2023 mutumin nan ya sake miƙewa a wuri guda ya nemi afuwar Maguire, Bawumia kuwa bai samu ko sannu ba. A wannan watan ne kuma Maguire ya lashe kyautar gwarzon wata na Firimiya. Ɗan majalisa guda ya sauke girman kai a gaban kyamara, kai kana nan kana cewa ba ka taɓa faɗa ba.

Ina kake a daren Lyon, Afrilun 2025? United tana baya da ci 4 da 2 a ƙarin lokaci, Bruno ya ci fenariti, Mainoo ya farke, koci Amorim ya riga ya tura Maguire gaba ya zama ɗan gaban dole. Casemiro ya ɗago ta, wa ya sa kai a minti na 121? Faɗi sunan mana, ba zai ƙone maka harshe ba. A Oktoban shekarar kuma, a Anfield, inda rabon United da nasara tun 2016, wane goshi ne ya rufe bakin 'yan Liverpool ana saura 'yan mintuna a tashi?

Ka ce ai kai dama can ka san yana da amfani? Lallai! Miƙo wayarka in duba sitikokin da ka ajiye.